Wa Ya Taimaki Wa a Mukono?

Akwai wani hoto da na gaji da gani. Budurwa Ba'amurkiya wadda shekarunta ba su wuce ashirin ba ta tsuguna a kan jar ƙasa, yara huɗu ko biyar sun yanyame ta, ɗaya na taɓa mata gashi, wani ya ɗare bayanta. A ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa ta je Afirka da niyyar zama albarka ga mutane, sai ga shi ita aka yi wa albarka. 'Yan majami'arsu su yi ta danna alamar so, iyaye su share ƙwalla, a ce yarinya ta dawo da sabuwar zuciya.

Akwai wadda ba ta cikin hoton. Ita ce matar da ta yi wata huɗu tana tashi da asuba ta hura gawayi, ta tafasa ruwan sha dabam saboda cikin baƙuwa bai saba da na gida ba, ta kwashe 'ya'yanta daga ɗakinsu ta haɗa su wuri guda don baƙuwa ta samu gado, ta kwana zaune a daren da zazzaɓi ya kama yarinyar mutane. A rubuce-rubucen da ɗaliban kan yi bayan sun koma gida, wannan mata takan samu layi biyu ko uku, a kira ta "mamana ta Afirka", a yaba murmushinta, a wuce.

Maganata a nan guda ce. Zangon karatun da jami'o'in Kirista na Amurka ke tura ɗalibansu su yi a Afirka bashi ne da baƙo ke ci a hannun mai masauki. An yi shekaru ana ba da labarinsa kamar kyauta ce baƙon ya kawo, kuma ƙofar da za a bi a biya bashin a kulle take.

Yadda shirin yake

Ga wanda bai san abin ba, bari in fayyace. A Amurka akwai wata gamayya ta kwalejoji da jami'o'in Kirista da ake kira CCCU, wadda aka kafa a 1976, mai mambobi fiye da ɗari. Shekara da shekaru ta riƙa shirya wa ɗalibai zangon karatu guda a wajen makarantunsu: a Kosta Rika tun daga 1986, a birnin Alƙahira tun daga 1993, a Okosfod ta Ingila, da sauransu. A 2004 aka buɗe na Yuganda, a Jami'ar Kirista ta Yuganda da ke garin Mukono, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai gabas da Kampala. Shi na ɗauka misali, domin yana cikin waɗanda aka fi tsarawa da hankali. In aka ga aibi a mai kyau, to ba sai an bincika sauran ba.

Ɗalibi yakan yi kusan wata huɗu. Ko dai ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai tare da 'yan ƙasa, ko a ba shi gida a cikin gari ya riƙa takowa makaranta kullum. Zai ci matoke, wato ayabar da ake turarawa a cikin ganyenta a tuƙa, da miyar gyaɗa, da tuwon masara da suke kira posho, da wake. Zai koyi wanka da bokiti, da wanki da hannu, da kwana cikin gidan sauro, da shan ƙwayar rigakafin zazzaɓi a kan kari. Yara za su bi shi a hanya suna kiran "mzungu", wato Bature. Idan yana gidan Baganda, zai ga 'yan mata na durƙusawa har ƙasa su gai da manya, wataƙila ma a raɗa masa suna na zuri'ar gidan. Yana shiga aji da malamai 'yan Yuganda, yana yin wani darasi na musamman kan bangaskiya da aiki, yana zuwa sanin makamar aiki a makaranta ko asibiti ko wata ƙungiyar agaji. Akwai mako guda na zaman ƙauye, akwai tafiya Ruwanda. Masu 'yan kuɗi kan ƙara da wasan kwalekwale a kan kogin Nilu a Jinja, ko kallon namun daji.

Ban raina wannan ba ko kaɗan. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya taso bai taɓa ɗaukar jarkar ruwa ba ya cancanci ya san nauyinta. Ƙididdigar da ake fitarwa duk shekara a Amurka ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ɗalibai kusan 347,000 ne suka fita karatu waje, fiye da rabinsu Turai suka nufa, waɗanda suka zo Afirka kudu da Sahara kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya bar Faransa da Italiya ya zaɓi Mukono ya nuna wani ƙoƙari. Rigimata da shi tana farawa ne daga sunan da yake ba wa abin da ya yi.

Wa ya kawo wa wa addini?

Da yawa daga cikin ɗaliban nan da gudummawar 'yan majami'a suke haɗa kuɗin jirgi, kuma harshen da ake amfani da shi wajen neman gudummawar harshen aikin mishan ne: a yi mana addu'a, za mu je mu zama haske. To haske a ina?

'Yan mishan na Angilika sun isa fadar Buganda a 1877, na Katolika a 1879. Daga 1885 zuwa 1887 Kabaka Mwanga na Biyu ya sa aka kashe Kiristoci 45, Katolika 22 da Angilika 23, yawancinsu samarin fada, saboda sun ƙi barin addininsu. An ƙone da dama daga cikinsu da rai a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886, kuma har gobe jama'a na takawa a ƙasa daga nesa, wasu ma daga ƙasashe maƙwabta, don halartar ranar tunawa da su. Daga Mukono zuwa Namugongo ba wata tafiya ba ce. Apolo Kivebulaya, ɗan Yuganda, shi ya kai bishara yankin Boga a gabashin Kongo, can ya rasu a 1933. A shekarun 1930 aka yi babbar farkawar addini ta Gabashin Afirka wadda ta taso daga Gahini a Ruwanda ta mamaye Yuganda. A Fabrairun 1977 aka kashe Akbishop Janani Luwum bayan ya fito ya ƙalubalanci kashe-kashen gwamnatin Idi Amin. John Sentamu, wanda ya tsere daga wannan mulki, shi ya zama Akbishop na York a Ingila daga 2005 zuwa 2020.

A yau fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Yuganda Kiristoci ne. A Amurka adadin ya sauka zuwa wajen kashi 62. Saboda haka ɗalibin da ya taso daga Mishigan ko Indiyana ya sauka a Entebbe ya bar ƙasar da majami'u ke raguwa ya zo ƙasar da ake rasa wurin zama a cikinsu ranar Lahadi. Uwar gidan da ta sauke shi wataƙila jikar waɗanda suka ga farkawar 1930 ce, ta binne 'yan uwa a zamanin Amin da zamanin da cutar ƙanjamau ta yi ɓarna, kuma ba ta fasa addu'ar dare ba. In ana maganar bangaskiya, wa ya kamata ya zauna a ƙasa ya ɗauki alƙalami?

Lissafin riba

Mu ajiye addini, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Me ɗalibi ya koma da shi? Ya koma da makin zango guda cur wanda jami'arsa za ta saka a sakamakonsa. Ya koma da layi mai ɗaukar ido a takardar neman aiki, wanda zai taimaka masa shiga makarantar likitanci ko samun gurbi a ƙungiyar agaji ta duniya. Ya koma da labaran da zai ci abinci da su har tsufansa, a kan mumbari da wajen hira da masu ɗaukar ma'aikata. Wasu daga cikinsu nan da shekara goma za su dawo a matsayin "masana Afirka", da albashin dala da mota mai tuta, su zama shugabannin 'yan ƙasar da suka fi su sanin aikin.

Me mai masauki ya samu? Ko da an ba ta wani abu na ɗawainiya, kuma ya dace a ba ta, kuɗin cefane ne aka mayar mata. Abin da ta koyar ba a saka masa farashi ba. Ita ta koya wa baƙuwa yadda ake gaisuwa, da yadda ake zaman makoki, da yadda gida mai mutum goma ke raba abin da mutum huɗu za su cinye. Ita ta amsa tambayoyin da ba a yi wa babba, ta haɗiye ɓacin rai lokacin da aka ɗauki hoton masanta don a nuna wa 'yan gida irin wahalar da aka sha. Hirar da aka yi da ita a bakin murhu ta zama maƙala, maƙala ta zama maki. Malamin da ya duba maƙalar sunansa na cikin kundin jami'a, ita kuwa nata ba ya ko'ina.

Sai kuma maganar nan da ba ta ƙarewa a bakin ɗalibai: wai mutanen ba su da komai amma suna cike da farin ciki. Mai faɗarta yana jin yabo yake yi. To amma shimfiɗar fuska da aka yi masa tarbiyya ce, ba shaida ce ta rashin damuwa ba. Wane mutumin kirki ne zai zauna gaban baƙo yana lissafa masa kuɗin makarantar da bai biya ba? Matar tana dariya ne domin an koya mata ba a ɗora wa baƙo nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi kuwa baƙo ya ɗauki dariyar ya mai da ita maganin damuwarsa: tunda suna farin ciki a haka, to babu abin da ke buƙatar gyara, balle ya tambayi dalilin da ya sa manomin gahawa a gindin dutsen Elgon ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga kofin da ake sayarwa dala huɗu ko biyar a garinsu. Talaucin wani ya zama madubin da yake duba ruhinsa a ciki.

Kabari a matsayin aji

Tafiyar Ruwanda ita ce ɗalibai suka fi cewa ta girgiza su, kuma dole ta girgiza duk mai rai. Daga Afrilu zuwa Yulin 1994, cikin kwana ɗari, an kashe mutum kimanin 800,000, yawancinsu 'yan Tutsi. Ƙasar kusan dukkanta Kiristoci ce a lokacin, kuma an kashe dubbai a cikin majami'un da suka gudu suka fake, irin su na Nyamata da Ntarama, inda har yau tufafin mamatan ke ajiye. Ɗalibin jami'ar Kirista ya kamata ya tsaya a wurin ya tambayi kansa yadda masu baftisma suka ɗauki adda a kan masu baftisma.

Abin da nake ƙi shi ne yadda labarin kan ƙare. Sau da yawa yakan ƙare da yadda marubucin ya ji, da hawayen da ya zubar a mota, da darasin yafiya da ya koya daga wata da aka kashe mata dangi kaf. Matar nan ta sake buɗe gyambonta a gaban baƙi karo na ɗari, su kuma sun tafi da "darasi". Ba kasafai ake ganin ɗalibin ya juya ya dubi ƙasarsa ba. A Afrilun 1994, ana tsakiyar yanka, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage sojojin kiyaye zaman lafiya zuwa 270. Jami'an gwamnatin Amurka sun yi makonni suna kauce wa furta kalmar kisan ƙare dangi don kada nauyin ɗaukar mataki ya hau kansu. Sai a Maris na 1998 Shugaba Bill Clinton ya sauka a Kigali ya amsa cewa duniya ta gaza. Wannan ma darasi ne, kuma shi ne wanda ya shafi ɗan Amurka kai tsaye. Wanda ya dawo daga Nyamata ya san zunubin maƙwabcin da ya ɗauki adda amma bai san na gwamnatinsa ba, rabin karatu ya yi, kuma rabin da ya fi sauƙi.

A juya hoton

Akwai gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya yi. Duk abin da aka ce ɗalibin Amurka ya yi a Mukono, a juya shi, a sa ɗalibin Mukono ya yi shi a Ohayo.

A ce yarinya 'yar Yuganda mai shekara ashirin, wadda ba ta gama digiri ba, ta shiga makarantar firamare a Amurka ta ɗauki hotunan yaran mutane ta baza a Instagram ba tare da izinin iyayensu ba. Kafin magariba 'yan sanda sun zo. A ce ta shiga ɗakin haihuwa ta tsaya kallo, sa'an nan ta rubuta wa ƙawayenta yadda matar ta yi naƙuda. Dokar sirrin marasa lafiya ta ƙasar ba za ta bar asibitin da ya ƙyale ta ba. A ce ta shiga gidan marayu ta yi wata uku tana rungumar yaro har ya shaƙu da ita, ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Can sun san illar haka ga yaro, shi ya sa ba sa bari. To me ya sa abin da yake laifi a kan ɗan Ohayo ya zama hidima a kan ɗan Mukono? Masu tsara shiri na gari suna gargaɗin ɗalibai kan waɗannan abubuwa, na sani. Amma hotunan ba su daina fitowa ba, domin kasuwarsu na ci a gida.

Babban gwajin ma shi ne na zuwan kansa. Ba'amurke yakan cike takarda a intanet, ya biya dala 50 na bizar shiga Yuganda, ya hau jirgi, sauran takardun zama na ɗalibi makaranta ta taya shi. Ɗan gidan da ya sauke shi, wanda suka kwana ɗaki ɗaya suna kiran juna ɗan'uwa, in yana son zuwa karatu Amurka sai ya fara samun makarantar da za ta karɓe shi, ya nuna shaidar dubban daloli a banki, ya biya dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi, ya biya dala 185 na neman biza wanda ba a mayarwa, ya jira ranar ganawa. Dokar shige da fice ta Amurka, a sashenta na 214(b), ta ɗauka cewa duk mai neman irin wannan biza niyyarsa ya maƙale ne, sai in ya gamsar da jami'i akasin haka. Cikin minti biyu ko uku a bayan gilashi ake yanke hukunci. Abin da ake nema ya nuna shi ne dukiya da abin da zai dawo da shi gida, kuma talaucin da baƙo ya yaba a matsayin ni'imar ruhi shi ne hujjar da za a hana shi.

Ga wani abin tarihi da ya kamata a karanta wa kowane ɗalibi a makonsa na farko. Filin da aka gina kwalejin Bishop Tucker a 1913, wadda ita ce ta zama jami'a a 1997, wani basarake ne mai suna Ham Mukasa ya bayar, kuma ɗakin karatun jami'ar na ɗauke da sunansa. Wannan mutum ya je Ingila a 1902 a matsayin magatakardan Apolo Kagwa, firaministan Buganda, don bikin naɗin Sarki Edward na Bakwai. Ya zaga, ya duba masana'antu da jiragen ƙasa da halayen Turawa, ya rubuta abin da ya gani da harshen Luganda, aka fassara aka buga a 1904. Fiye da shekara ɗari da ashirin da suka wuce, mai filin da baƙi ke takawa yau ya je ya yi nazarin Turawa a gidansu. Jikokin talakawansa kuwa layi suke bi a ƙofar ofishin jakadanci. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa. Wane irin zumunci ne wanda ƙafa ɗaya ce kawai aka yarda ta taka?

Abin da za a ce mini

Za a ce na yi rashin adalci, domin shirye-shirye irin na Mukono su ne ma ke yaƙi da tunanin "mai ceto". Gaskiya ne. Suna nanata wa ɗalibai cewa sun zo koyo ne, suna fifita zama da mutane a kan yi musu aiki, kuma wata huɗu a gidan mutum ya fi tafiyar mako guda ta fentin bangon majami'a nesa ba kusa ba. Sukan ma ba sabo ba ne. Tun 1968 Ivan Illich, wanda limamin Katolika ne, ya tsaya gaban matasan sa-kai masu zuwa Meziko ya roƙe su su zo kallo da karatu amma su daina zuwa da sunan taimako. A 2009 Steve Corbett da Brian Fikkert suka fitar da When Helping Hurts, littafin da ya zaga majami'un Amurka yana bayanin yadda agaji ke cutarwa. A 2012 marubuci Teju Cole ya yi wa masana'antar farar fata mai ceto kaca-kaca. Kowa ya ji. Abin da ya biyo baya shi ne harshe ya sauya. Da ana cewa na je in taimaka, yanzu ana cewa na je in koya, na dawo na sauya. Har yanzu tauraron labarin mutum ɗaya ne. An cire masa rigar mai ceto an sa masa ta mai tawali'u, kyamara kuwa ba ta gusa daga fuskarsa ba.

Za a ce jami'ar da ke karɓar baƙi na samun kuɗi, iyalai na samun ɗan abin hannu, wasu ɗalibai na ci gaba da biya wa ƙannensu na Yuganda kuɗin makaranta shekaru bayan sun tafi. Wannan ma gaskiya ne, kuma Allah ya saka wa masu yi. Amma alherin mutum ɗaya yana rataye ne a kan yadda zuciyarsa ta kwana. Wanda ya ci sa'ar baƙo mai tunawa ya samu, wanda ya samu mai mantuwa ya tashi a tutar babu. Haƙƙi ba ya zama caca.

Za a ce ba laifin yarinya 'yar shekara ashirin ba ne cewa fasfo ɗinta ya fi na ƙawarta ƙarfi. Ban ce laifinta ba ne. Na ce ta amfana, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littafin da take karantawa kowace safiya ya yi umarni a yi sadaka a ɓoye, ya kuma ba da labarin almajiran da aka aika ba jaka ba guzuri, aka ce su ci abin da masu gida suka ajiye musu. A wannan labarin, ɗan aike shi ne mabuƙaci. Ban nemi ta da abin da ya wuce addininta ba.

Yadda ake biyan bashi

Ba na kiran a rufe shirin. Ina kiran a yi abubuwa huɗu da kowace jami'a mai niyya za ta iya.

Na farko, kujera a madadin kujera. Duk jami'ar Amurka da ta tura ɗalibai goma Mukono ta ware gurabe na zango guda ga ɗaliban Mukono, da kuɗin makaranta da masauki da jirgi, ta kuma tsaya musu da takardu da lauya wajen biza. In ba ta da halin goma, ta fara da biyu, ta rubuta a fili cewa ana bin ta takwas. In har zama a baƙuwar ƙasa na gyara zuciya kamar yadda takardun tallarsu ke faɗa, ai ba zuciyar Ba'amurke kaɗai ke buƙatar gyara ba.

Na biyu, a ɗauki masu masauki a matsayin malamai. A biya su ladan koyarwa ban da kuɗin cefane, a zauna da su wajen tsara zango, a ba su damar su faɗi ra'ayinsu kan ɗalibi kamar yadda ake ba ɗalibi takarda ya auna su, a kuma ba su ikon cewa wannan shekara mun gaji, a ɗaga mana.

Na uku, doka ɗaya ga yaran kowa. Abin da ba a yarda ɗalibi ya yi a asibiti ko makarantar garinsu ba, kada ya yi shi a nan. Ba hoton yaro sai da izinin iyaye, ba hoton mara lafiya sam. Maƙalar da aka rubuta a kan wani gida, mutanen gidan su ji abin da ke ciki kafin ta tsallaka teku.

Na huɗu, darasin ƙarshe ya zama a kan Amurka. Kafin ɗalibi ya hau jirgi a Entebbe, a zaunar da shi ya karanta dokar bizar ƙasarsa, da tarihin abin da gwamnatinsa ta yi da wanda ta ƙi yi a yankin, da hanyar da gahawa ke bi daga gona zuwa kofi. Aikin da ya fi ƙarfinsa a Mukono yana iya yin sa a gida, inda yake da ƙuri'a da ɗan majalisa da majami'a mai jin maganarsa.

Kada mai karatu ya gyara zama ya ce wannan matsalar Turawa ce. Mu ma mun koyi sana'ar. Duk azumi da duk Kirsimeti sai ka ga samarinmu da 'yan matanmu na birni sun shiga gidan marayu ko sansanin 'yan gudun hijira da buhun shinkafa ɗaya da wayoyi goma, a jera tsofaffi a ce su ɗaga leda sama, a saka a Facebook da TikTok. Ɗalibanmu na jami'a kan je ƙauye su cika littafi da hirar tsofaffi, su samu digiri, ko kwafin aikin ba sa mayarwa. Ma'aunin da na ɗora wa baƙuwar Mukono shi zan ɗora mana.

Zango zai ƙare kamar yadda ya saba. Za a yi liyafar bankwana, a yi kuka na gaskiya, a yi alkawarin ba za a manta ba. Mota za ta ɗauki baƙuwa zuwa filin jirgi, uwar gida ta wanke zanen gado, ta mayar da 'ya'yanta ɗakinsu kafin wata baƙuwar ta iso. Wata rana ɗanta zai turo saƙo ta WhatsApp, bayan doguwar gaisuwa da jin kunya, ya ce ya gama digiri yana son ƙarin karatu a can, ko 'yar'uwarsa za ta iya taimaka masa da hanya. Duk maƙalun da ta rubuta an riga an ba su maki. Amsar wannan saƙo ce jarrabawar zangon, kuma jami'ar da ta turo ta ita ma tana cikin masu zana ta.